HANYOYIN NEMAN LABARI A INTANET: BAYANI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, da Dagatai da masu rubuta musu takardu. Nufinsa shi ne ya bayyana yadda mutum zai nemi labari a intanet ya sami abin da ya ke so ba tare da ɓata lokaci ko ɓarnar kuɗi ba, da kuma yadda zai gane ko abin da ya samu gaskiya ne. An ɗauko misalan daga ƙasar Shanono, amma abin da aka faɗa ya shafi kowace gunduma.

A zamanin da, labari ya kan iso wa Hakimi ta hannun manzo daga fada, ko ta bakin Dagaci, ko ta bakin fatake ranar kasuwa. Ya san mai kawowa, ya san kuma gwargwadon gaskiyarsa. Tun daga shekarar 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya al'amari ya sake. Yanzu labari ya kan riga manzo isowa, kuma sau da yawa ba a san wanda ya aiko shi ba. Talakawa kuwa har gobe ƙofar Hakimi su ke zuwa su ce, "Ranka ya daɗe, abin nan da a ke faɗa gaskiya ne?" Amsar da aka ba su ita za ta sa su yi shuka ko su dakata, su kwana a gida ko su yi ƙaura. Saboda haka wajibi ne a sami aƙalla malami ɗaya a kowane ofishin Hakimi wanda ya iya bincike sosai.

1. YADDA INJIN NEMA YA KE AIKI

Intanet kamar babbar kasuwa ce wadda ba ta da sarkin kasuwa. Kowa ya kan kafa rumfarsa ya baje abin da ya ga dama, mai gaskiya da maƙaryaci duk a layi ɗaya. Rumfunan nan su a ke kira shafuna, kuma kowanne da adireshinsa. Da ya ke shafunan sun wuce ƙidaya, sai aka ƙirƙiro injin nema don ya zama ɗan jagora. Wanda aka fi sani shi ne Google, wanda waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa a 1998. Akwai kuma Bing na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2009, da DuckDuckGo, wanda ya fito a 2008.

Aikin injin kashi uku ne. Da farko ya na da manhajoji masu zagaya shafuna dare da rana, su na kwafe abin da ke ciki. Sa'an nan ya kan jera kalmomin da aka kwaso cikin wata babbar rajista, kamar yadda malamin haraji ya kan jera sunayen masu gida unguwa unguwa. Na uku, idan ka rubuta tambaya sai ya duba rajistar nan ya fito maka da shafunan da ke ɗauke da kalmominka, ya sa waɗanda ya ga sun fi dacewa a sama.

Akwai abu biyu da ya kamata a riƙe daga wannan bayani. Na ɗaya, injin bai san Shanono ba, abin da aka rubuta game da ita kurum ya sani. Abin da ba wanda ya taɓa rubutawa, kamar iyakar gonar wane da wane, ba za a same shi a can ba. Na biyu, kasancewar shafi a sama ba shaidar gaskiyarsa ba ce. Waɗansu ma talla ne da aka biya kuɗi, kuma a kan rubuta kalmar Sponsored a kansu. Malami ya wuce su ya duba na ƙasa.

2. ZAƁEN KALMOMI

Ba a yi wa inji gaisuwa, ba a kuma yi masa doguwar shimfiɗa. Kalmomi uku ko huɗu masu nauyi sun isa, watau sunan abu, da sunan wuri, da shekara. Wanda ya rubuta *taki* kawai zai sami tarkace. Wanda ya rubuta *farashin taki Kano* ya ƙara da shekarar da a ke ciki ya fi kusa da biyan bukata.

Sunayen garuruwanmu su kan yi takwara. Alal misali, a cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Shanono akwai Goron Dutse, ga shi kuwa a cikin birnin Kano akwai wani Goron Dutse wanda ya fi suna. Wanda ya rubuta sunan shi kaɗai, labarin na birni zai fi samu. Sai a haɗa da sunan ƙaramar hukuma, a rubuta *Goron Dutse Shanono*. Haka za a yi wa Faruruwa, da Tsaure, da Alajawa, da Kadamu, da sauransu.

Rubutun boko kuma ya na da nasa cikas. Ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalmar *fari* ta na iya nufin launi, ko rashin ruwan sama, ko farkon abu. A ƙara mata abokiyar tafiya, kamar *fari damina*. Sa'an nan waɗansu marubuta su kan sa haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗansu ba su sawa. In an nemi *gyaɗa* ba a sami abin kirki ba, a sake gwadawa da *gyada*. Wani lokaci kuma injin ya kan ɗauka kuskure aka yi, ya sauya sunan gari da wata kalmar Turanci mai kama da shi. A duba saman shafi, akwai wurin da za a danna a koma kan ainihin abin da aka rubuta.

Yawancin takardun hukuma da Turanci su ke, don haka ya kamata a yi nema da harsunan biyu. Tsutsar nan mai cin masara wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, sunanta na Turanci *fall armyworm*, kuma da wannan suna za a fi samun bayanin masana a kanta. Wanda rubutu a waya ya ke yi wa wuya, ya na iya danna hoton makirufo ya faɗi abin da ya ke so, gama a 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da a ke nema da murya.

3. ALAMOMI SHIDA MASU RAGE WAHALA

Akwai waɗansu alamomi da a ke haɗawa da kalmomi, su kan tace sakamako kamar yadda rariya ta ke tace gari. Ya kamata malami ya kwafe su a takarda ya liƙa a bangon ofis.

(a) Alamar zance. In ka sa kalmomi a tsakaninta, injin zai kawo shafunan da kalmomin suka zo a jere daidai yadda ka rubuta. Misali: "Dutsen Bakoshi". In ba ka sa ba, zai iya kawo maka duk shafin da ke maganar dutse.

(b) Alamar ɗebewa. A kan manna ta a jikin kalmar da ba a so, ba tare da barin fili ba. Madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai ta ke, amma akwai wani gari mai suna Watari a ƙasar Japan. In aka rubuta Watari -Japan an rage labarin wancan.

(c) Kalmar site da ruwa biyu. Wannan ta kan tsare nema a gida ɗaya. Shafunan gwamnatin Nijeriya yawanci da gov.ng su ke ƙarewa, saboda haka Shanono site:gov.ng zai kawo abin da ke shafunan hukuma kaɗai.

(d) Kalmar filetype da ruwa biyu. Dokoki da rahotanni da kasafin kuɗi a kan ajiye su ne a matsayin cikakkiyar takarda irin wadda a ke kira PDF. Mai neman Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sai ya rubuta "Land Use Act" filetype:pdf, ya sami dokar kanta maimakon abin da wani ya ce ta ƙunsa.

(e) Kalmar OR da manyan baƙaƙe. Ma'anarta wannan ko wancan. Misali: sansanin gudun hijira Shanono OR Tsanyawa.

(f) Kalmomin after da before. Su na iyakance lokaci. Shanono after:2025-01-01 zai kawo abin da aka buga daga farkon 2025 zuwa gaba. A kan fara da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana.

A na iya haɗa biyu ko uku a layi ɗaya. Amma kada a cika su da yawa, don in rariya ta yi ƙanƙanta ƙwarai ba abin da zai wuce.

4. A DUBA KWANAN WATA

Takardar da ta tsufa a ofis ta kan yi ja, gara ta ci gefenta, kowa ya gan ta ya san ta daɗe. Shafin intanet kuwa ba ya tsufa a ido. Wanda aka rubuta shekara goma da suka wuce ya kan fito fes kamar na jiya. Wannan shi ne babban ramin da masu bincike su ke faɗawa.

Ga misali daga gida. A 2019 aka yi dokar da ta kafa sababbin masarautu huɗu a Jihar Kano, watau Bichi, da Rano, da Gaya, da Ƙaraye, aka sa Shanono a ƙarƙashin Bichi. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dokokin Jihar ta soke wannan doka. Shafunan da aka rubuta a tsakanin shekarun nan su na nan har yanzu, ba wanda ya gyara su. Malamin da ya kwafo daga cikinsu bai duba shekara ba, zai sa kuskure a takardar ofis.

Haka kuma batun yawan jama'a. A kan ga an rubuta cewa mutanen ƙaramar hukumar Shanono kimanin 140,000 ne. Wannan lissafin ƙidayar 2006 ne. Yaran da aka haifa a shekarar nan yanzu sun zama magidanta. Duk wanda zai sa wannan adadi a takardar neman rijiyar burtsatse ko ƙarin ajujuwa, lalle ya rubuta shekarar a gefensa, don kada a yi wa jama'a rabo da tsohon mudu.

5. SHAFUNAN HUKUMA MASU AMFANI GA GUNDUMA

Ƙasar Shanono ƙasar noma ce, gona na jikin gona, abincin shekara kuwa ya dogara ga damina ɗaya. Saboda haka shafin farko da ya kamata malami ya sani shi ne na Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, a nimet.gov.ng. A farkon kowace shekara hukumar ta kan fitar da hasashen damina, wanda ke nuna lokacin da a ke zaton ruwa zai sauka, da lokacin ɗaukewarsa, da inda a ke tsoron fari a tsakiyar damina. Sunan takardar da Turanci Seasonal Climate Prediction. Hasashe ne, ba alkawari ba, amma ya kan taimaki manomi kada ya zuba irinsa duka a ruwan farko.

Game da iri da ƙwari, a nemi bayanin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Irin da ta ke fitarwa sunayensu da SAM su ke farawa: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake. In an sami sunan iri, sai a tuntuɓi malamin gona na KNARDA a ji ko ya dace da ƙasar wurin.

Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa, a nigerianstat.gov.ng, ya kan buga farashin kayan abinci wata wata. Hukumar NAFDAC ta na da rajistar magunguna mai suna Greenbook, inda za a duba ko maganin da wani ɗan talla ya kawo kasuwa ya na da rajista. Hukumar NCDC, a ncdc.gov.ng, ta kan ba da rahoton cututtuka masu yaɗuwa irin su kwalara da sanƙarau da mashaƙo. Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta na da wurin neman suna. In wani baƙo ya zo da sunan kamfani ya na so a tara masa manoma su biya kuɗin fom, a fara duba sunan a can, sa'an nan a tambayi sakatariyar ƙaramar hukuma ko ta san da zuwansa. Samun rajista kaɗai ba ya wanke kamfani, amma rashinta ya isa gargaɗi.

A lura da adireshi harafi harafi. 'Yan damfara su kan buɗe shafi mai kama da na hukuma, da tambari da komi, su yi shelar tallafi ko ɗaukar aiki. Duk irin wannan shafi da ya nemi lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya aiko ta waya, na ɓarayi ne.

6. HOTUNA DA JI-TA-JI-TA

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne nauyi, gama ya shafi rai. A 2025 'yan bindiga masu tsallakowa daga wajen iyakar Katsina sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, har aka kai sojoji. A irin wannan lokaci zukata a tsorace su ke, hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya tashi ƙauye da dare, a bar amfanin gona a fili. Labarin gaskiya ya kan ceci mutane. Na ƙarya kuwa ya kan jawo asara, ko ya sa a far wa wanda bai ji ba bai gani ba.

An ga haka a waɗansu wurare. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook aka ce daga can su ke. Binciken da BBC ta yi a wannan shekara ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyon a ƙasar Kongo Brazabil aka ɗauke shi, tun a 2012. Kafin a gane haka an riga an tare hanya an kashe matafiya. A watan Agusta na 2014 kuma, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Waɗansu sun mutu, da yawa aka kwantar a asibiti, ba kuwa cutar ce ta kama su ba, gishirin ne.

Ga yadda a ke binciken hoto. A ajiye shi a waya. A buɗe manhajar Google, a danna ɗan hoton kyamara da ke gefen wurin rubutu, wanda a ke kira Google Lens, a zaɓi hoton. Injin zai kawo shafunan da hoton ko mai kama da shi ya taɓa fitowa. Akwai kuma shafin TinEye, na wani kamfani a ƙasar Kanada, wanda ya ke iya jera sakamako daga mafi daɗewa. In aka ga hoton da aka ce na daren jiya ne ya fito a wata jarida shekara uku da suka wuce, magana ta ƙare. In bidiyo ne, a tsai da shi a wurin da ya fi fitowa sarai, a ɗauki hoton fuskar wayar, a bincika wannan.

Ido ma ya na da nasa aiki. A duba ciyawa: in an ce da rani abin ya faru ga shi kuwa ƙasa kore shar, akwai magana. A duba lambar mota, da rubutun allunan kantuna, da irin ginin gidaje, da tufafin mutane, a kuma saurari harshen da a ke yi. Saƙon da aka yi ta turawa hannu da hannu, WhatsApp ya kan sa masa alamar kibiya biyu a sama. Wannan alama ta na nuna cewa wanda ya turo maka ba shi ne ganau ba.

Akwai ƙungiyoyi waɗanda aikinsu ke nan tantance labari, kamar Africa Check da aka kafa a 2012, da Dubawa da aka kafa a Nijeriya a 2018. A rubuta kan labarin a haɗa da sunan ɗayansu, a ga ko sun riga sun bincika.

Amma a yi hattara da abu ɗaya. Rashin samun hoto a wani wuri ba ya tabbatar da cewa na gaskiya ne, balle yanzu da a ke iya ƙirƙirar hoto da murya da kwamfuta. Game da tsaro, intanet mataimaki ne kawai. Hanya mafi inganci ita ce a kira Dagaci ko Mai Unguwar wurin da aka ambata, a kuma sanar da Baturen 'yan sanda nan da nan. Kada bincike ya sa a jinkirta kai rahoto. Kada kuma a sa hoton inda jami'an tsaro su ke a kowane dandali, don ɓarayin daji ma su na da waya.

7. TASWIRA DA RIGIMAR IYAKA

A ƙasar da gonaki suka matsu, ƙarar iyaka da ta burtali ba ta yankewa a zauren Hakimi. Google Maps da Google Earth su na nuna hoton ƙasa daga sama, har a ga gidaje, da itatuwa, da layin gonaki. A Google Earth akwai ma'auni na tsawo da faɗi, akwai kuma wurin da a ke komawa hotunan shekarun baya. Da wannan a na iya ganin ko burtali ya fi haka faɗi a da, ko zaizayar ƙasa ta ƙara cin gona, ko wace hanya ce ruwa ya kan yanke.

Sai dai hotunan karkara wani lokaci tsofaffi ne ko dishi-dishi, sunayen ƙauyuka kuma a kan sa su ba daidai ba. Layin iyakar da ke kan taswirar nan ba hukunci ba ne. A ɗauke ta a matsayin ƙarin haske a kan shaidar dattawa da maƙwabtan gona. In magana ta yi nauyi, aikin safiyo ne da kotu.

8. TSOFAFFIN TAKARDU

Wani lokaci a kan koma neman shafi a tarar an share shi, ko an sauya abin da ke ciki. Akwai wata ma'ajiya a Amurka mai suna Internet Archive, wadda aka kafa a 1996. A cikinta akwai sashen da a ke kira Wayback Machine, wanda ya kan adana kwafin shafuna lokaci lokaci. In aka sa adireshin shafi a web.archive.org, a kan ga yadda ya ke a shekarun baya, muddin an taɓa kwafe shi. Malami ma ya na iya sa a adana masa sanarwa mai muhimmanci a can tun ba a share ta ba.

A wannan ma'ajiya akwai tsofaffin littattafai kyauta, har da na Hausa irin ƙamus ɗin Robinson. Mai neman tarihin sarautar garinsu ya na iya farawa da neman Tarihin Kano wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da littafin Gowers kan Lardin Kano na 1921. A tuna cewa Turawan da su kan rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, saboda haka a gwada rubutu iri biyu ko uku. Yawancin takardun gundumomi kuwa har yanzu sai an je da ƙafa, ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ko Gidan Arewa, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano.

Wikipedia, wadda ta fara a 2001, ta na da sashen Hausa, kuma ta na da amfani wajen fara bincike. Amma kowa na iya rubutu a cikinta. A gangara ƙasan shafi a ga inda aka samo maganar, a bi ta can.

9. FASSARA DA INJUNA MASU AMSA TAMBAYA

Tun 2013 Google Translate ya ke fassara Hausa. Ya isa a gane inda takarda ta dosa, amma ya kan yi tuntuɓe a kan karin magana da kalmomin shari'a. Kada a karanta wa jama'a fassararsa, kada kuma a sa hannu a kanta, sai wanda ya ji harsunan biyu ya duba.

Daga ƙarshen 2022, sa'ad da ChatGPT ya fito, an sami injuna masu amsa tambaya da cikakken zance, kamar Gemini da Meta AI na cikin WhatsApp. Google ma ya kan sa irin wannan amsa a saman sakamako. Su na taimakawa wajen taƙaita doguwar takarda ko tsara wasiƙa. Aibinsu shi ne, in ba su san abu ba su kan ƙaga amsa su faɗe ta da ƙarfin zuciya, musamman a kan ƙananan wurare da ba a yi rubutu da yawa a kansu ba. Wanda ya tambaye su jerin sarakunan wani ƙauye zai iya samun sunayen da ba a taɓa yi ba. Malamanmu na hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun san isnadinta. Haka za a yi a nan: a nemi injin ya nuna shafin da ya samo maganar, a buɗe shafin a gani da ido.

Har wa yau kada a zuba sirrin jama'a a cikinsu, kamar lambar katin ɗan ƙasa, ko lambar banki, ko bayanin ƙarar da ke gaban Hakimi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai.

10. TSARIN AIKI A OFIS

A na roƙon Hakimai su sa malamansu su bi wannan tsari.

Na ɗaya, a buɗe littafi na musamman. Duk abin da aka samo daga intanet a rubuta ranar da aka nema, da adireshin shafin, da ranar da aka buga labarin, da sunan mai bugawa.

Na biyu, kada a kai wa Hakimi labari mai nauyi sai an same shi a wurare biyu waɗanda ba kwafar juna suka yi ba. Shafi goma da suka kwafi saƙo ɗaya shaida ɗaya ce.

Na uku, in malami zai ba da rahoto ya rarrabe maganarsa kashi uku: abin da ya tabbata, da abin da ya tabbata ƙarya ne, da abin da a ke jiran tabbaci a kansa. Kada kunya ko son burgewa ya sa ya haɗa su.

Na huɗu, da ya ke sabis ya kan yi rauni a waɗansu ƙauyuka, a sauke takardu masu muhimmanci a ajiye a waya sa'ad da aka sami dama. Hasashen damina kuwa a buga shi a takarda, a fassara, a aika wa Dagatai kafin ruwa ya sauka.

Na biyar, a buɗe Google Alerts, a sa sunan gunduma. Duk sa'ad da injin ya ga sabon labari mai ɗauke da sunan, zai aiko da saƙo ta imel, kyauta.

Na shida, in an tabbata labari ƙarya ne, a sanar da jama'a ta hanyar da ya bi ya shigo, a kuma faɗa a masallatai da kasuwa, tare da dalili. Mutane sun fi yarda in an nuna musu tsohon hoton da shekararsa.

Masu kamfanonin nan su kan sauya wurin maɓallai da sunayensu lokaci lokaci, saboda haka in malami ya tarar abu ya ɗan bambanta da yadda aka kwatanta a nan, kada ya karaya. Tambayoyin da zai riƙa yi ba su sauyawa: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, a ina ya samo, wa kuma ya tabbatar. Da fatan Hakimai za su sa a karanta wannan ɗan littafi a taron Dagatai na wata, a kuma ware rana ɗaya malamai su zauna tare su gwada misalan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, har hannunsu ya faɗa.